Sau nawa kyanwa ke neman muzuru a shekara?

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Sakkwato cikin watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ya san kukan nan da ke tashi daga kan katanga ko bayan kwano da tsakar dare. Dogon kuka ne mai ja, wani lokaci sai ka rantse jinjiri ne aka yar. Tsohuwa ta yi a'uziyya ta ce, "Mi as sami mussag ga?" Wani ya ce maita ce, wani ya ce aljanu ne, gari ya waye yara su kama neman duwatsun jifa. Alhali ba wani abu ba ne illa macen kyanwa ta shiga kwanakin neman barbara, tana yi wa muzuran unguwa shela.

Mai kyanwa a gida kuwa damuwarsa daban ce. Yana son ya san sau nawa wannan abu yake zuwa, kuma yaushe za a samu barci. A taƙaice, in dai ba a barbare ta ba, abin yana dawowa duk bayan mako biyu zuwa uku, kuma a ƙasa irin tamu da wuya a ce ga watan da take hutawa. Sai dai taƙaitawar ta rufe abubuwa da yawa. Za ka samu kyanwa biyu a lungu ɗaya, wannan ta yi abin sau goma sha wani abu a shekara, waccan sau biyu ko uku kacal, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Kafin a gane dalili sai an bi ta kan abu biyu: hasken rana, da yadda ƙwan kyanwa ke fita.

Jikin kyanwa da tsawon yini yake auna lokaci. Hasken da ke shiga idonta yana kai saƙo ga wani ɗan ƙaramin sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ke fitar da sinadarin melatonin in duhu ya yi. Idan dare ya yi tsawo, melatonin ya yawaita, sai ma'ajiyar ƙwanta ta daina aiki. Idan haske ya kai awa 12 zuwa 14 a yini, sai ta koma aiki. Masu kiwon kyanwa don sayarwa a ƙasashen sanyi sun daɗe da sanin wannan. Sukan kunna wa matan fitila har awa 14 don su ci gaba da neman barbara a tsakiyar hunturu, in kuma aka rage hasken ya koma kamar awa 8 sai abin ya tsaya cik.

A Landan, yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba, na ƙarshen Yuni kuwa ya haura awa 16. Shi ya sa kyanwar Ingila take da kakar barbara: ta fara wajen Janairu ko Fabrairu, ta yi ta yi har Satumba ko Oktoba, sannan ta yi shiru na 'yan watanni. Yawancin bayanan da mutum zai tarar a intanet daga irin waɗannan ƙasashe aka rubuto su, don haka za ka ga ana ta maganar "lokacin barbara" kamar wani abu mai farko da ƙarshe.

Sakkwato tana kan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Yini mafi gajarta a nan, cikin Disamba, ya ɗan haura awa 11, mafi tsawo kuma a Yuni bai cika awa 13 ba. Tazarar duka kamar awa ɗaya da rabi ce. Ladanin unguwa ma zai gaya maka lokacin magariba bai fi ya matsa da kamar awa guda ba daga wannan ƙarshen shekara zuwa wancan. Ka ƙara da hasken asuba da na bayan faɗuwar rana, ka ƙara da ƙwan lantarki da fitilar sola da ke kwana a kunne a tsakar gida da ƙofar shago. Kyanwar Mabera ko ta Runjin Sambo ba ta taɓa ganin dogon daren da zai sa jikinta ya rufe shago ba. To me ya sa muke ganin kamar da bazara aka fi jin kukan? A ganina babban dalili yana wajenmu. Da zafi a waje muke kwana, komai ya motsa a kan katanga mun ji. Da hunturu kowa ya ja ƙofa ya lulluɓe, muzurai na can suna sha'aninsu ba mai saurare. Abin da ke ɗan taka wa kyanwa burki a nan shi ne yunwa da rama, da ciwo, da shayarwa.

Yanzu ga abu na biyu, kuma nan ne kyanwa ta bambanta da dabbobin da muka saba kiwo. Wanda ya san jar akuyar Sakkwato ya san lissafinta: duk bayan kwana 21 ko kusa da haka take neman bunsuru, ta yi kwana ɗaya zuwa biyu, abin ya wuce. Tunkiya kamar kwana 17, saniya kwana 21. Waɗannan duka ƙwansu yana fita da kansa in lokacinsa ya yi, ko an barbare su ko ba a barbare su ba, shi ya sa lissafinsu bai cika sauyawa ba. Kyanwa ba haka take ba. Ita da taguwa da zomo hanyarsu ɗaya: ƙwai yakan nuna a ma'ajiyarsa ya tsaya yana jira, barbarar ce ke sa ya fito.

Yayin da ƙwan ke nuna, sinadarin istrojin yana hawa a jininta, shi ne ke juya mata hali. Ta yi ta birgima a ƙasa, ta goga kai da wuya a ƙafar mutum ko ta kujera, ta kwantar da ƙirji ta ɗaga ƙugu, ta karkatar da wutsiya gefe guda tana tattaka ƙafafun baya. In ka shafa mata baya kusa da wutsiya sai ta ƙara turo ƙugun. Wata takan rage cin abinci, wata ta riƙa tsartuwar fitsari a bango, kuma warin fitsarin nan shi ke tattaro muzurai daga unguwanni. Kwanakin nan sukan kai mako guda, ko da yake wata kwana uku take yi, wata ta kai mako biyu.

In muzuru ya samu dama, yakan cafke ta a ƙeya da haƙori, barbarar kanta ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. A jikin gabansa akwai 'yan ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, kuma kartar da suke yi in zai fita ita ce ke sa macen ta kwarara wannan ƙara mai firgitarwa, ta juyo ta kai masa mari, sannan ta faɗi tana birgima tana lasar jikinta. Wannan kartar ce kuma ke aika saƙo ƙwaƙwalwa a saki sinadarin da zai fasa ƙwan. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ƙwai ya fito. Barbara ɗaya sau da yawa ba ta isa, shi ya sa takan maimaita sau da dama a yini, kuma ba lallai da muzuru ɗaya ba. In ka ga kyanwa ta haifi baƙi da fari da mai rodi-rodi a ciki ɗaya, mai yiwuwa gadon launi ne kawai, amma mai yiwuwa kuma kowane da ubansa. A wurin kyanwa wannan ba abin mamaki ba ne.

Daga nan hanya ta rabu uku, kuma amsar tambayarmu tana kan wace aka bi.

Idan ba a barbare ta ba, ƙwan da ya nuna yakan lalace a inda yake, istrojin ya sauka, ta koma daidai kamar ba ita ba. Sai ta huta na mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku, wani sabon ƙwai ya nuna, kuka ya dawo. Wannan ita ce ƙaddarar kyanwar da ake kullewa a ɗaki ko a falo ba ta ganin namiji. Ɗauki zagaye na mako uku, ka raba makonni 52 na shekara, ka ga an doshi sau 17. A zahiri ba kowace ce ke cika wannan adadi ba, domin wasu ƙwansu kan fita haka nan ko ba barbara, musamman in suna jin ƙanshin muzuru ko suna zaune da wasu matan, sai su samu ɗan dogon hutu. Amma dai mai irin wannan kyanwa zai ji kamar rabin shekara cikin kuka take, kuma bai yi ƙarya sosai ba.

Idan an barbare ta, ƙwai ya fita, amma ciki bai shiga ba, jikinta yakan ɗauka ciki ne. Sinadarin da ke riƙe ciki ya hau, ta yi shiru na kamar mako biyar zuwa bakwai, sannan ta dawo.

Idan kuwa ciki ya shiga, kwana 63 zuwa 65 take yi, wato mako tara, ta haifi 'ya'ya galibi uku zuwa biyar. Ta shayar da su mako shida zuwa takwas. Bayan yaye da ɗan lokaci, sau da yawa mako biyu ko makamancin haka, sai ta sake neman muzuru. Wasu ma ba sa jiran yaye, 'ya'ya na kan nono su ɗauki wani cikin. In ka haɗa ciki da shayarwa da ɗan hutun, kamar wata huɗu ke nan. Saboda haka kyanwar da ke yawonta a tsohuwar kasuwa ko a bayan mahauta, wadda muzuru ke samunta tun daren farko ko na biyu, sau biyu ko uku kawai za ta shiga wannan hali a shekara, amma kusan kowane da haihuwa yake ƙarewa. Wadda ta fi damun mutane da kuka ita ce wadda ba ta haihuwa. Wadda ba a cika jin ta ba kuwa, ita ce ke ajiye 'ya'ya goma ko sha biyu kowace shekara a bayan buhunan hatsi.

A nan ya kamata in tsaya a kan wata ɗabi'a da ta yawaita a gidajenmu. Kyanwa ta haihu a ɗakin ajiya, matar gida ta ce ba za ta iya da su ba, a zuba 'ya'yan a kwali tun idanunsu ba su buɗe ba, a ba almajiri ko yaron gida ya kai bola. Banda rashin tausayin da ke ciki, ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, dabarar ko ta fuskar lissafi ba ta ci. Tsotson nono ne ke danne ma'ajiyar ƙwan uwar. Ranar da aka ɗauke 'ya'yan, dannewar ta tashi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta koma neman muzuru. Wato wanda ya zubar da haihuwar yau ya matso da ta gaba kusa da kamar wata biyu. Uwar kuma ga nono ya cika ba mai sha, wani lokaci ya kumbura ya yi ciwo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙuruciyar da take farawa da ita. Galibi tsakanin wata biyar zuwa tara ne, in nauyinta ya kai kamar kilo biyu da rabi, amma akwai mai farawa tun tana wata huɗu. Masu gajeren gashi, irin namu na gida da irin Siyam, sun fi saurin balaga, masu dogon gashi irin na Farisa sukan kai shekara ko fiye. Kuma kyanwa ba ta san ɗan'uwa ba. Wanda ya karɓo 'yan ciki ɗaya, mace da namiji, yana cewa ai wa da ƙanwa ne, kafin shekara ta zagayo zai ga jikoki. Ta ɗaya ƙarshen kuma, ba ta da shekarun daina haihuwa irin na ɗan Adam. Bayan shekara bakwai ko takwas yawan 'ya'yan kan ragu, ciki ya fi ba ta wahala, amma neman barbarar yana nan.

Kada a gwada ta da karya. Karya kamar sau biyu take yi a shekara, kuma ana ganin jini. Kyanwa ba ta zubar da jini a wannan lokaci. In aka ga jini, ko ruwa mai wari kamar mugunya yana fita ta bayanta, wannan ciwo ne. Mafi haɗari shi ne taruwar mugunya a mahaifa, wanda kan biyo bayan kwanakin barbara da 'yan makonni: ta daina cin abinci, ta yi ta shan ruwa, jiki ya mutu, ciki ya kumbura har a zaci juna biyu ne. Wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake, ba abin da ke fitowa, kuma wannan ya fi muni. Ba ciwon da ake jira da shi a ga ko zai wuce ba ne, asibitin dabbobi ake nufa a ranar.

Kukan neman muzuru kuwa ba na ciwo ba ne, duk da yadda yake ratsa zuciya. Na faɗi haka ne saboda abin da wasu ke yi da kyakkyawar niyya: su ga tana birgima tana ƙara, su ce ciwon ciki ne, su gutsuro farasitamol su jiƙa su ɗura mata. Hantar kyanwa ba ta da abin da zai narkar da wannan magani. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum, kai ko ɓarinta, tana iya kashe ta: fuska da ƙafafu su kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Haka sauran magungunan rage zafi na mutane. Babu wanda za a ba ta daga cikinsu.

To me za a yi? Kulle ta yana hana ciki, amma ba ya hana kuka, kuma mun ga yadda yake ƙara yawan zagayen. Ga shi ginin gidajenmu da tsakar gida a buɗe, katanga ba komai ba ce a wurin muzuru. Wasa da ita da ba ta wuri mai sanyi na iya ɗan rage mata zumuɗi na awa ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Wasu sukan je kemis su sayo allurar tazarar haihuwa ta mata, irin ta wata uku, a tsira wa kyanwa. Tana aiki, shi ya sa ake ci gaba da yi. Amma sinadarin da ke cikinta, in aka yi ta maimaitawa, yana jawo wa kyanwa ainihin ciwon mugunyar mahaifar da na ambata, yana kumbura mata nono ƙwarai, yana ƙara haɗarin ciwon daji na nono da ciwon suga. In kuma aka yi ta alhali ciki ya riga ya shiga, haihuwar na iya gagara. Likitocin dabbobi kan yi amfani da irin wannan magani na ɗan gajeren lokaci, da awo daidai nauyin dabbar, ga wadda ake son ta haihu nan gaba. Mai kemis da ya saba da awon mace mai kilo 60 ba shi ne zai auna wa dabba mai kilo 3 ba.

Abin da ke raba gardama shi ne tiyata: a sa ta barci, a cire ma'ajiyar ƙwai biyu, galibi har da mahaifa. Daga ranar ba kuka, ba ciki, ba mugunyar mahaifa. Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Ciwon ƙari da ke fitowa a nonon kyanwa, fiye da 8 cikin 10 mugu ne mai yaɗuwa, kuma wadda aka yi wa aikin kafin ta cika wata shida haɗarinta yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. In aka jinkirta har ta haura shekara biyu, wannan kariyar ta kusa ɓacewa. Saboda haka maganar da ake yi cewa a bari ta haihu sau ɗaya tukuna, ba ta da tushe a likitance. Mu a Sakkwato ba mu da uzurin rashin wuri, tunda Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta, ga kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha.

Tambayoyi biyu ne kan tsayar da mutane. Ta farko ta mai shago ce da mai rumbu: in an yi mata aikin za ta ci gaba da kama ɓera? Za ta ci gaba. Farauta ba ta da alaƙa da ma'ajiyar ƙwai, kuma kyanwar da ba ta tafiya yawon neman muzuru ta fi zama inda aka ajiye ta. Abin lura kawai shi ne takan yi ƙiba in ana cika mata kwano. Ta biyu ta addini ce. Dandaƙar dabba ba baƙon abu ba ne gare mu, kowa ya san taure, kuma an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Game da kyanwa, malamai da dama na wannan zamani sun halatta in akwai maslaha ko kawar da cuta, kuma ba a azabtar da ita wajen yi ba, wasu kuma sun ƙi son a yi in babu larura. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya kai masa labarin cikakke, har da inda 'ya'yan ke ƙarewa.

Likita ya fi son a kawo ta a kwanakin hutu tsakanin zagaye biyu, domin lokacin da take tsakiyar neman muzuru jijiyoyin jinin mahaifa a cike suke, aikin ya fi zubar da jini. Ana iya yi a hakan, sai dai ya fi wuya. Mai shayarwa a jira ta yaye, amma kada a yi sakaci bayan yayen, tazarar gajera ce. Zai faɗi awannin da za a hana ta abinci kafin aiki. Bayan aiki, ɗinki yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14, kuma a garinmu abokan gaba biyu ne, ƙuda da ƙura, don haka ɗaki mai tsabta da iska za a ajiye ta, a hana ta lasar wurin.

Wanda ke da muzuru shi ma ana yi masa nasa aikin, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yana rage yawo da faɗa da warin fitsari, yana kuma rage cizon da cututtuka ke bi su shiga jikinsa. Sai dai dandaƙe muzurun gida ba zai hana macen gida kuka ko ciki ba, tunda na maƙwabta suna nan. Shi kansa wanda aka yi wa aikin yana iya ba da ciki har 'yan makonni bayan tiyata, don haka a raba su na kamar wata guda ko fiye. In kuma mace ce aka yi wa aiki, bayan watanni ta dawo da birgima da ɗaga ƙugu, to wani ɗan guntun ma'ajiyar ƙwai ne ya saura a ciki, sai a mayar da ita wurin likita, kuma gara a kai ta a cikin kwanakin da take kukan, lokacin ne guntun ya fi saurin ganuwa.